Waɗanne littattafan ƙagaggun labarai ne suka cancanci a karanta su sau biyu?

Maman Safiyya, Kaduna:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar ma'abota karatu a kan littattafan ƙagaggun labarai na Hausa waɗanda suka cancanci a saya a ajiye, a kuma sake komawa gare su bayan karatun farko. Dalilin tambayata shi ne, ina koyar da wani ajin matan aure a unguwarmu, waɗanda akasarinsu an cire su daga makaranta tun suna ƙanana, kuma yanzu cikin ikon Allah karatun boko ya zauna musu, har kowacce tana iya karanta shafi guda a bayyane ba tare da an ɗora ta ba. Mun yanke shawarar mu ware yammacin kowace Asabar mu riƙa karanta littafi ɗaya tare, babi bayan babi, sa'an nan mu tattauna abin da muka ji.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shawarwari iri biyu da nake samu masu karo da juna. Wasu suna cewa kada in kuskura in wuce tsofaffin littattafan Zariya, domin a cikinsu ne kaɗai ake samun Hausa tsantsa da tarbiyya. Wasu kuma suna cewa waɗannan na 'yan makaranta ne, matan aure ba za su zauna su saurari labarin aljanu da sarakuna ba, gara in kawo musu littattafan Kano waɗanda suka shafi zaman gidan miji. Ni dai abin da nake nema shi ne littafin da Hausarsa take da daɗin karantawa a bayyane, wanda labarinsa zai ba mu abin tattaunawa, kuma wanda babu abin kunya a cikinsa, saboda a ajin akwai wata dattijuwa da matar ɗanta suna zaune a tabarma ɗaya. Ina roƙon duk wanda zai ambaci littafi ya faɗi dalilin da ya sa yake son sa, domin da dalilin zan auna ko ya dace da ɗalibaina.

Tsohon Malami, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya sa wannan aiki ya zame miki sadaka mai gudana. Ina cikin masu cewa ki fara da littattafan Zariya, amma dalilina ya wuce maganar tarbiyya. Waɗannan littattafai tun asali an rubuta su ne domin mutane irin ɗalibanki, wato waɗanda suka iya karatun boko amma ba su da abin karantawa. Wannan ne ya sa a shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta nemi malamai su rubuto labarai, aka kuwa sami guda biyar da aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22 yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Bauchi. Malaman aji ne, sun san inda sabon mai karatu yake yin tuntuɓe, saboda haka jimlolinsu suna tafiya da numfashin mai magana, littattafan kuma ba su da kauri.

A makonnin farko ina ba ki shawarar Magana Jari Ce, wanda kashinsa na farko ya fito a 1937. Amfaninsa gare ku shi ne kowane labari da akun da ke cikin littafin yake ba ɗan sarki Musa yana ƙarewa a zama ɗaya, don haka wadda uzuri ya hana ta zuwa wata Asabar ba za a bar ta a baya ba. Imam ya ɗebo labaran daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Ki karanta musu labarin Kalala da Kalalatu, za ki ga yadda dattijuwar da matar ɗan nata za su yi dariya tare ba tare da wata ta sunkuyar da kai ba.

Amma idan aka ce in zaɓi littafi ɗaya tak wanda ya cancanci karatu na biyu, Shehu Umar zan ɗauka, kuma na ƙi yarda da masu cewa ba littafin mata ba ne. A karatun farko hankalin mutum yana kan Umar, yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ba shi ilimi, har ya zama malamin da almajirai suke kewayewa a Rauta. A karatu na biyu kuwa sai ka ga ashe nauyin littafin duka yana kan mahaifiyarsa ne. Mace ce mai 'yanci, ta bar gida don neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙetare Sahara a matsayin baiwa, kuma duk wahalar da ta sha ba ta daina tambayar labarin yaron ba. Sa'ad da Allah ya haɗa su ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Abin da yake burge ni shi ne marubucin bai ɗaga murya ba, bai tsaya yana la'antar masu cinikin bayi ba, ya dai ajiye abin da ya faru a gaban mai karatu, ya bar shi da zuciyarsa. Na koyar da wannan littafi shekaru masu yawa, kuma a duk lokacin da aka zo wurin haɗuwar nan, ko yaran da suka fi kowa surutu sukan yi tsit. Uwa ba ta buƙatar a yi mata sharhin wannan labari.

Bayansa sai Jiki Magayi, wanda zai ba ku abin muhawara mai zafi, domin labari ne na attajiri Malam Shehu da ya yi amfani da dukiya ya ƙwace Zainab daga hannun masoyinta Abubakar, da kuma ramuwar da Abubakar ya nema, wadda ta sauka a kan yaron da bai ji ba bai gani ba. Ba zan faɗi ƙarshensa ba, amma ki tambaye su wane ne ya fi laifi a cikin manyan nan uku, ki ga yadda ajin zai rabu. Ruwan Bagaja nishaɗi ne, musamman tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke shuka wa juna. Ganɗoki kuma ya fi dacewa da samari masu son kirari da yaƙi.

Game da littattafan Kano, ba na ɓoye ra'ayina. Waɗanda suka zo hannuna na same su cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu, ana haɗa kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da ƙugiyoyin haruffa, kuma sabon mai karatu abin da ya gani a bugu shi yake ɗauka daidai. Wannan kaɗai ya isa ya sa ki yi taka tsantsan.

'Yar Fagge, Kano:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa a kan Shehu Umar gaskiya ne, kuma ba ni da bakin ƙarawa. Sai dai ina neman izini in ɗan saɓa maka a kan hukuncin da ka yanke wa littattafan Kano, domin ina ganin an daɗe ana yi musu kuɗin goro, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka fi kowane littafi dacewa da ajin Malama.

Ya kamata a tuna yadda aka yi suka samu. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa da aka fara a 1976 ya yaye dubban yara masu iya karatun Hausa, amma kafin su girma tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta kawai. Sai matasa suka shiga rubutawa da kansu, su kai wa maɗaba'a da kuɗin aljihunsu, a buga a takarda mai araha, a raba labarin kashi biyu ko uku domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, a kai wa 'yan littattafai a kasuwar Sabon Gari. Babu edita a tsakani, shi ya sa kurakuran da Baba ya ambata suke nan, ban musa ba. Amma ta wannan hanya ce mata suka sami bakin magana a rubuce, kuma ta hanyar hayar waɗannan littattafai a shagunan unguwa mata da yawa da ke cikin kulle suka riƙe karatunsu bai zube ba. Na san gidajen da littafi ɗaya yake zagaya ɗakuna huɗu, bangonsa ya yage a ɗinke shi da zare, kafin a mayar wa mai haya.

Malama, littafin da nake roƙon ki sa a gaba shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, wadda take ta fama da cefanen da bai isa ba yayin da maigidan yake kashe kuɗinsa a waje. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Abin da ya sa nake son littafin shi ne marubuciyar ba ta bar Rabi tana kuka a ɗakin iyayenta ba. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta ci gaba da riƙon yaranta da karatunsu, 'yarta Saudatu ta sami miji nagari, shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa shago, duniya ta juya masa baya. To, a nan ne littafin ya fi ƙarfin a kira shi labarin sakayya kawai, domin bayan Rabi ta tsaya da ƙafafunta, sai aka taru a kanta ana matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Na karanta wannan wuri ina budurwa na ji haushi ƙwarai, na sake karanta shi bayan na yi aure na haihu, sai na ga marubuciyar ba ta ce hakan daidai ne ba, ba ta kuma ce kuskure ne ba, ta nuna yadda al'amarin yake gudana a gidajenmu ne. Ina tabbatar miki dattijuwar ajinku da matar ɗanta ba za su ba da amsa iri ɗaya ba idan kika tambaye su ko ya kamata Rabi ta koma, kuma kowacce za ta kawo hujja daga abin da ta gani da idonta. Wannan littafi har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, saboda haka ba mu kaɗai muka ga darajarsa ba.

Akwai wani dalilin da ya sa na zaɓi wannan marubuciya musamman. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu ta ajin ilimin manya, irin wanda kike koyarwa. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan batu yake: yarinya Abu da aka hana karatu aka aura wa tsoho Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Sai dai ki fara karanta shi ke kaɗai, domin akwai wurin da aka bayyana daren farko na auren dolen da zafi, wanda wataƙila za ki so ki taƙaita shi da bakinki saboda surukan nan.

Idan kuna son soyayya mai tsabta, So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid yana nan, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa, kuma shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Baba Malam ma ba zai sami abin gyara a rubutunsa ba, tunda ya bi ta hannun editoci. Labarin Boɗaɗo ce, Bafillatana, da ta tsaya kai da fata sai ta auri Yasir wanda ba ɗan ƙabilarsu ba. Littattafan Anti Bilkisu Funtuwa kuma, irin su Allura Cikin Ruwa, suna da taushin harshe, suna kwaɗaita wa mata ilimi da sana'a, ko da yake na yarda gidajen da take zanawa sun fi na yawancinmu wadata nesa ba kusa ba.

Baƙo daga Maraɗi:

Gaisuwa ga Malama da Baba Malam da Hajiya ta Fagge. Ni daga Jamhuriyar Nijar nake, kuma ina so in shaida abin da Hajiya ta faɗa ta wata fuska. Mu da muka yi makaranta da Faransanci, da yawanmu ba a aji muka koyi karanta harshenmu ba, a cikin littattafan da 'yan kasuwa suke shigowa da su daga Kano da Katsina ta hanyar Jibiya muka koya. Saboda haka ko da kurakuransu, suna bin mu bashin godiya.  Na farko da ya ja hankalin samarin zamaninmu shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da ta nace wa talaka Muhammad, kuma har yau ina ganin yana da amfani ga iyayen da suke auna mijin 'yarsu da abin hannunsa.

Amma littafin da na fi komawa gare shi ba na soyayya ba ne. Turmin Danya ne na Sulaiman Ibrahim Katsina, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ya shirya, aka buga su a 1982. Labarin Alhaji Gabatari ne, hamshaƙin ɗan fasa-ƙwauri wanda kuɗinsa suka saye masa bakin masu iko, da kuma ƙoƙarin da ma'aikata masu gaskiya suka yi na kawo ƙarshensa. Wanda ya tashi a bakin iyaka kamar ni ba ya karanta wannan littafi a matsayin ƙage, domin ya ga manyan motoci suna bin hanyar daji da dare fitilu a kashe, ya kuma ga yadda ake tashi tsaye a gaida mai irin wannan dukiya a wurin ɗaurin aure ba tare da an tambayi inda ta fito ba. Kada a ce mata ba ruwansu da wannan batu. Su ne suke karɓar kayan lefe, su ne kuma suke fara sanin lokacin da ɗa ya shigo gida da kuɗin da suka fi ƙarfin sana'arsa. Wani abin sauƙi kuma shi ne, da yake an sha sa littafin a manhajar jarrabawar Hausa, ba ya wuyar samu a shagunan littattafan makaranta.

A cikin 'yan wannan gasa akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda a ganina babu littafin Hausa da ya kai shi ƙarfin zana mugun mutum. Mailoma ba ya fita daga ran wanda ya karanta shi, kuma yadda aka nuna makamai da tsofaffin sojoji suna komawa ga ta'addanci bayan yaƙin basasa ya sa mai karatu na yau yake jin kamar jiya aka rubuta shi. Duk da haka ba na ba Malama shawarar ta kai shi aji, saboda zubar da jini da fasadi sun yi yawa a cikinsa. Na ambace shi ne domin masu karatu na kansu.

Ɗalibar Hausa, Sakkwato:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ce ƙarama a nan, amma ina so in taɓo ɓangaren da ba a ambata ba, domin ɗaliban Malama suna da wayoyi, kuma da zarar karatu ya yi musu daɗi, littattafan intanet ne za su fara zuwa hannunsu tun kafin na takarda. A yau akasarin sababbin labarai a WhatsApp da Wattpad da Facebook ake sakin su, shafi bayan shafi, a fara da na kyauta, idan labari ya kama mutum sai a ce ya biya kafin a sa shi a rukunin masu ci gaba. Wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Wannan tsari yana da tasiri a kan labarin kansa, domin marubuciya tana rubutu ne tana jin ra'ayin masu karatu kowace rana, idan suka nuna suna son wata tauraruwa sai a ja zancenta, labarin da ya kamata ya ƙare a shafi talatin ya kai ɗari. Ga cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya, ga kuma wasu da suke sa batsa da gangan don jawo masu biya. Saboda haka ina goyon bayan Baba Malam a kan taka tsantsan, har ma ina ganin matsalar ƙa'idojin rubutu ta fi tsanani a nan fiye da littattafan kasuwa na da.

Amma akwai marubuta na ƙwarai a cikin wannan zamani, kuma hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata. Labarin da ya fara cin gasar, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake. Gajerun labarai ne, alƙalai sun tace su, an kuma karanta su a rediyo, don haka Malama za ta iya sa wa ɗalibanta su saurara sa'an nan a tattauna, musamman a ranar da ba a sami isassun kwafin littafi ba. Ina ganin kuma zai ƙarfafa musu gwiwa su ji cewa matan da suka rubuta waɗannan labarai na zamaninsu ne, wasu ma matan aure ne masu goyo kamarsu.

A cikin littattafan takarda, wanda ya fi taɓa ni shi ne 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya fito a 2003. Ya bi rayuwar Zainab tun daga yadda aka raba ta da wanda take so har zuwa faɗawarta zaman kanta da abin da ya biyo baya, ba tare da ya ƙawata wannan rayuwa ba, ba kuma tare da ya cire matar daga sahun 'yan Adam ba. Littafi ne mai nauyi, ya fi dacewa da wadda za ta karanta ita kaɗai a ɗakinta.

Tsohon Malami, Zariya:

'Yata ta Fagge, Allah ya yi miki albarka, kin yi bayani da ladabi da hujja. Ban ƙi a karanta labarin Rabi ba, kuma yadda kika kwatanta ƙarshensa ya nuna marubuciyar ta san abin da take yi. Inda na tsaya shi ne a kan jeri. Idon da ya fara sabawa da rubutu ingantacce zai gane kuskure idan ya gan shi daga baya, amma wanda ya fara da gurɓatacce zai sha wuya kafin ya rabu da shi. Saboda haka, Malama, ki ba su wata biyu ko uku a hannun Imam da Tafawa Ɓalewa tukuna. Idan kun zo kan littattafan Kano, ki riƙe alli a hannu, duk inda kuka ci karo da kalmar da aka haɗa ba daidai ba ko harafin da aka cire wa ƙugiya, ki sa ɗaya daga cikinsu ta fito ta gyara a allo. Ta haka kun sami labarin, kun kuma sami darasin rubutu a zama ɗaya. Ina kuma ƙara tunatar da ke Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, saboda iyayen da 'ya'yansu suke ɗokin barin ƙauye su tafi birni.

Maman Safiyya, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Baba Malam lafiya da nisan kwana. Na karanta wa ɗalibaina amsoshinku a zamanmu na jiya, kuma mun tsayar da cewa za mu fara da kashi na ɗaya na Magana Jari Ce har zuwa ƙarshen wata mai zuwa, daga nan mu shiga Shehu Umar, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne. Da na ba su labarin yadda Hajiya Balaraba ta koma karatu bayan aure, mutum uku suka ce su a fara da nata, sai da na lallashe su da shawarar Baba ta gyara a allo. Mun haɗa kuɗin da zai sayi kwafi shida na kowane littafi, mutum uku su riƙa duba ɗaya. Littattafan Zariya na same su a shagon littattafan makaranta a nan Kaduna, amma na Hajiya Balaraba na tambaya a wurare da dama ban dace ba. Yaya ta Fagge, don Allah idan har yanzu ana samun sa a kasuwar Sabon Gari, ki sanar da ni ko a haɗe yake ko kashi-kashi, da kuma abin da ake sayar da shi yanzu, domin akwai direban da yake zuwa Kano duk ranar Laraba wanda zan iya ba saƙo.